Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga dattawa da shugabannin Hausawa mazauna Birmingham, kan alƙaluman masu karɓar tallafin rashin aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayena maza da mata, malamanmu Allah ya gafarta, da shugabannin ƙungiyoyinmu na Birmingham da garuruwan da ke kewaye da ita, ina gaishe ku. Ya iyali, ya sanyi? Ni 'yarku ce. Da yawanku kun san fuskata ko da sunana ya ɓace muku. Ni ce wadda ake buga wa waya idan ambulan mai ruwan ƙasa ta shigo gida daga hukuma, aka juya ta gaba da baya aka rasa kanta, ko idan wani yana da ganawa a Jobcentre, ofishin gwamnati na masu neman aiki, yana neman mai yi masa tafinta. Shekara goma sha huɗu ke nan ina zaune a garin nan, bakwai daga ciki ina wannan aikin sa kai bayan na tashi daga wurin aikina. Ban kai in yi muku nasiha ba. Abin da idona ya gani ne nake so in ajiye a gabanku.

A wani taron suna da aka yi kwanakin baya a Aston, bayan an ci an sha, ɗaya daga cikin iyayenmu maza ya ɗaga wayarsa ya karanta wa jama'a labarin cewa mazaɓar Perry Barr, wadda Aston ke cikinta, ita ce kan gaba a duk Birtaniya wajen yawan masu karɓar tallafin rashin aiki. Ya ce, "To kun ji, ashe a unguwar cima-zaune muke. Mu dai Allah ya rufa mana asiri, ba a san Bahaushe da wannan ba." Aka yi dariya, aka ce amin. Ni kuwa a lokacin ina can baya wajen tukwane, tare da wata ƙanwata da ta zo daga gida da bizar aikin kula da tsofaffi. Wata huɗu ke nan rabonta da albashi. Tana ta ɗura ragowar shinkafa a robobi, wai za ta kai wa maƙwabta, ni kuma na san ita da 'ya'yanta biyu su ne maƙwabtan. A cikin masu cewa amin ɗin akwai wani magidanci da ni da kaina na taya shi cika fom ɗin Universal Credit, tallafin gwamnati ga marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi, bayan an rufe sito ɗin da yake aiki, ya haɗa ni da Allah kada kowa ya ji. Shi ma ya yi dariyar tare da kowa. Ba tarbiyyarmu ba ce yaro ya katse babba a bainar jama'a, shi ya sa na haɗiye maganar, na dawo gida na ɗauki biro.

Labarin da Baba ya karanta gaskiya ne. Kowane wata Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa, ONS, yakan fitar da adadin masu karɓar wannan tallafi, ɗakin karatu na Majalisar Wakilai kuma ya rarraba shi mazaɓa-mazaɓa, duka 650. Shekara da shekaru mazaɓun garin nan ne ke cika saman jerin, su Ladywood da Hodge Hill da Perry Barr da Erdington da Yardley. Tun da aka sake shata iyakoki a zaɓen 2024, aka tura Aston ta haɗu da Lozells da Handsworth a ƙarƙashin Perry Barr, ita da Ladywood suke ta kankane saman. A waɗannan wurare, cikin kowane mutum ɗari masu shekara 16 zuwa 64, sama da goma ne ke karɓa, alhali a ƙasar baki ɗaya abin yana wajen huɗu. Wanda yake son ya ga bambancin da idonsa, ya shiga jirgin ƙasa a tashar Aston ya nufi arewa: Gravelly Hill, Erdington, Chester Road, Wylde Green, sai Sutton Coldfield. Tafiyar ba ta kai rubu'in sa'a ba, majalisar birni ɗaya ce ke mulkin nan da can, amma adadin can ko kusa da rabin na nan bai kai ba. Ban yarda cewa lalaci yana sauka daga jirgi a Erdington ba.

Amma kafin mu ɗora hukunci a kan lamba, ya kamata mu san me aka ƙirga. Mutum iri biyu ake haɗawa: masu karɓar tsohon alawus ɗin neman aiki, JSA, wanda aka kawo a 1996, da masu karɓar Universal Credit da aka wajabta wa neman aiki. Universal Credit ɗin nan ya fara ne a 2013, ya haɗiye tallafi iri shida ya mayar da su ɗaya, kuma tun da ya zo ya faɗaɗa waɗanda ake cewa sai sun nemi aiki. Sai ga wani abu da mutane kaɗan suka sani: ba duk wanda ke cikin lissafin ba ne ba shi da aiki. Akwai wata iyaka ta albashi, wanda abin da yake samu bai kai ta ba, ana sa shi a sahun masu neman aiki ko da kullum yana fita da asuba. Sau uku gwamnati ta ɗaga wannan iyaka a ƙasa da shekara biyu: Satumban 2022, Janairun 2023, sai Mayun 2024, inda ta kai kwatankwacin aikin sa'a 18 a mako a kan albashi mafi ƙaranci. Ke nan matar da ke sharar ofis sa'a goma sha shida a mako, ranar Lahadi ba ta cikin lissafi, ranar Litinin ta wayi gari a ciki, ba tare da an kore ta daga ko'ina ba. Alƙaluman suka hau a bazarar 2024, jaridu suka yi ta kururuwa, alhali wani kaso mai yawa na hawan daga biron minista ya fito.

Mu 'yan Najeriya bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Mun ga yadda hukumar ƙididdiga ta gida ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sannan da ta sauya ma'auni a 2023, ta ce duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako ma'aikaci ne, sai ga shi ya faɗo kashi 4.1. Ko matashi ɗaya bai tashi daga bakin titi ba saboda wannan sauyi. Mudu ne aka canza, hatsin yana nan yadda yake. A nan ma akwai mudu na biyu, binciken da ONS ke yi gida-gida, wanda ya yi ta samun ƙarancin masu amsawa har a Oktoban 2023 suka dakatar da fitar da sakamakonsa na ɗan lokaci. Kuma dukansu biyun ba sa sa mutum kusan miliyan 2.8 da doguwar rashin lafiya ta zaunar a gida cikin sahun marasa aiki.

Ruwa kuma ba ya tsami banza. Wasu cikinku sun riga ni zuwa garin nan da shekara ashirin, sun fi ni sanin labarin. Birnin sana'a dubu ake yi wa Birmingham kirari. Tsakanin 1971 da 1981 kaɗai ta rasa ayyuka wajen dubu ɗari biyu, akasarinsu na masana'antu. Kamfanin motoci na Longbridge ya durƙushe a Afrilun 2005 da ma'aikata kusan dubu shida. Masana'antar HP Sauce da ke nan Aston ta rufe a 2007 aka kai aikin Holan. LDV mai ƙera motocin kaya a Washwood Heath ta bi baya a 2009. Fort Dunlop da kuke gani daga babbar hanyar M6, da tayoyi ake yi a ciki, yanzu ofisoshi ne da otal. Unguwannin da muke haya a cikinsu saboda sauƙin kuɗi, don ma'aikatan waɗannan wurare aka gina su, ayyukan suka tafi, gidajen da mutanen suka rage. Ga garin cike da yara masu tasowa, kusan kashi arba'in na mazaunansa ba su kai shekara 25 ba. Ga majalisar birnin da a Satumban 2023 ta shelanta cewa aljihunta ya kasa, aka bi da yanke ayyuka da ƙarin harajin gida. A kan wannan duka sai a ɗora abin da 'ya'yanmu suke fuskanta da sunayensu. Wani bincike da aka yi a Kwalejin Nuffield ta Jami'ar Oxford, aka fitar a 2019, ya aika takardun neman aiki sama da dubu uku masu cancanta iri ɗaya, suna da asali kawai aka bambanta. Ɗan tsirarun ƙabilu sai ya aika takardu da ƙarin kashi 60 kafin ya samu amsa daidai da Bature ɗan ƙasa, mai asalin Najeriya kuwa ƙarin kashi 80. Idan Bature ya aika goma, ɗanku sai ya aika goma sha takwas. Ku tuna da wannan ranar da za ku ce wa yaron da ya gama digiri yana zaman kashe wando.

To amma ba nan gizo ke saƙa ba, iyayena. Abin da ya hana ni barci shi ne, waɗanda suka fi kowa shiga uku a cikinmu ba sa cikin wannan lissafi, kuma ba za su taɓa shiga ba. Kafin a ƙirga ka a masu karɓa, sai kana da ikon roƙa. Duk wanda ya zo da bizar aiki, ko ta karatu, ko ta bayan kammala karatu, ko ta biyo miji ko mata, an rubuta masa a takardarsa cewa ba shi da haƙƙi a dukiyar gwamnati, sharaɗin da ake kira NRPF, wanda tushensa dokar shige da fice ce ta 1999. Yana biyan haraji, sau da yawa ma yana biyan kuɗin asibiti a dunƙule tun kafin ya hau jirgi, amma ranar da aiki ya tsaya, ƙofar Universal Credit a kulle take gare shi. In ma ya kuskura ya karɓa, ya karya sharaɗin bizarsa.

Kun san yadda abin ya faru. A Fabrairun 2022 aka buɗe ƙofar bizar kula da tsofaffi, mutanenmu suka yi ta zuwa. Wasu sun sayar da fili, wasu gwal ɗin aure, wasu sun ci bashin dangi, suka biya 'yan tsakiya dubban fam don takardar ɗaukar nauyi da doka ta hana a sayar wa ma'aikaci. Suka iso aka ce babu isassun sa'o'i, ko kuma babu aikin ma sam. Tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 Ma'aikatar Cikin Gida ta soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi sama da 470, ma'aikata fiye da dubu 39 ne ke rataye da waɗannan lasisai. Kamfani ne ya yi laifi, ma'aikaci ne ke karɓar wasiƙar da ke ba shi kwana 60 ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya tattara. A Maris ɗin 2024 aka hana sababbin zuwa kawo iyali, a Yulin 2025 aka rufe ɗauko ma'aikatan daga waje gaba ɗaya. Ƙanwata mai ɗura shinkafa tana cikin waɗanda lasisin kamfaninsu ya tafi. Ta yi shekara biyu tana yi wa iyayen wasu wanka da ɗawainiya, tana bin motar safa ta farko daga wannan gida zuwa wancan. Yau idan ka buɗe alƙaluman Perry Barr ba za ka gan ta ba. A idon takardar, lafiya lau take.

Haka ɗalibanmu. Sa'a ashirin a mako doka ta ba su lokacin karatu, naira kuma ta faɗi warwas tun daga Yunin 2023, kuɗin da uba ya tara na shekara guda ya koma na wata huɗu. Na san ɗakin da samari biyar ke kwana a karɓa-karɓa, mai aikin dare ya tashi mai aikin rana ya kwanta. Su ma babu su a lissafi. Saboda haka idan muka kalli lambar muka ce alhamdulillahi babu namu, gaskiya ce mai ɗaci muka faɗa ba mu sani ba. Babu namu ne don an rufe musu ƙofa.

Rashin sani kuma ya fi dare duhu. Akwai 'yan ƙofofi da ba a rufe ba, mutanenmu suna wuce su saboda tsoro. Sabon JSA, wanda ake biya bisa kuɗin inshorar ƙasa da aka riƙa cire wa mutum daga albashi, ba ya cikin jerin dukiyar gwamnati da aka haramta wa mai biza. Wanda ya biya isasshe a shekarun haraji biyu da suka gabata yana iya cancanta, har tsawon kwana 182, wajen fam 92 a mako a 2025 ga mai shekara 25 zuwa sama. Ba yawa, amma ya sayi gas da madara. Sashe na 17 na dokar yara ta 1989 ya ɗora wa majalisar birni nauyin taimakon yaron da ke cikin buƙata ko da iyayensa suna da wancan sharaɗi. Abincin makaranta kyauta, tun 2022 an buɗe shi ga yaran irin waɗannan gidaje idan samunsu bai wuce iyaka ba. Wanda yake kan bizar iyali kuma ya faɗa cikin tsananin talauci yana iya neman a cire masa sharaɗin. Kowane ɗayan waɗannan yana da ƙa'idoji, kuma kuskure a harkar biza tsada gare shi, don haka ba a majalisar shayi ake yanke su ba, ba kuma a saƙon murya na WhatsApp da aka tura sau ɗari ba. Doka ma ta hana wanda ba shi da rajista ba da shawarar shige da fice. Ni kaina iyakata in fassara, in kuma raka mutum wurin masani.

Yanzu bari in koma kan magidancin da ya yi dariya. Shi yana da zama na dindindin, ya yi shekara goma sha ɗaya yana ɗaga kwali a sito, ana cire masa haraji kowane wata. Da aka sallame su sai ya ƙi nema. Wata uku yana cin ɗan abin da ya tara, sannan ya shiga katin bashi mai ruwa, mutumin da ko asusun ajiya mai ruwa ba ya yarda ya buɗe. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Hajiya, in aka ji fa?" Tsoron bakinmu ya kai shi ga riba. Kuma da ya nema ɗin, me ya samu? Sai da ya jira mako biyar kafin biyan farko, abin da suka ba shi kafin nan bashi ne da ake cirewa a hankali. Kuɗin mutum ɗaya mai shekara 25 zuwa sama a 2025 fam 400 ne da 'yan kwabbai a wata, ban da na haya da na yara. Ya sa hannu a alƙawarin cewa zai iya kashe har sa'a 35 a mako yana neman aiki, yana rubuta duk inda ya nema a shafinsa na intanet, in ya makara ganawa ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba a yanke masa. Wanda ya tara sama da fam dubu 16 ma ba ya samu ko kwabo. Wannan ne daɗin da muke cewa ana ci a zaune. A lokacin korona, cikin wata biyu kacal, daga Maris zuwa Mayun 2020, masu karɓa a ƙasar nan sun tashi daga kimanin miliyan 1.2 zuwa sama da miliyan 2.6. Lalaci ba ya yaɗuwa da irin wannan sauri. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, kuma a cikin masu dariyar ranar nan babu wanda ke da takardar cewa kamfaninsa ba zai rufe ba.

Malamanmu, Allah ya gafarta, nan ne nake roƙon bakinku. Ku ne za ku iya bambance wa mutane bara da karɓar haƙƙi. Wanda aka cire wa kuɗi shekara goma don ranar da zai rasa aiki, ranar ta zo ya karɓa, bai zubar da mutuncinsa ba. Kuma kada a ce na yi son kai, ɗaya gefen ma ku faɗe shi da ƙarfi. Akwai namu da ke aikin hannu-da-hannu ana biyan su tsabar kuɗi suna kuma karɓa a matsayin marasa aiki. Akwai ma'auratan da aka ɗaura wa aure a gabanku, a takarda kuma suka ce ba sa tare don kuɗin ya ƙaru. Sau biyu aka nemi in yi tafinta a kan irin wannan na ƙi, ɗaya daga cikinsu har yau ba ta amsa sallamata. Ƙarya ce, cin haram ne, kuma idan aka kama mutum ɗaya, da shi ake auna dubu. Amma abin mamaki, mai wannan wayon ba ma yi masa dariya a taron suna, wani lokacin ma shi ake ba kujerar gaba. Mai gaskiyar da kamfaninsa ya rufe shi ne ke sunkuyar da kai.

Akwai kuma laifin da duk muka yi tarayya a ciki, ni ma ban fita ba. Hoton da muke aikawa gida. Mu tsaya gaban Bullring, babban rukunin kantunan tsakiyar gari, cikin sabuwar rigar sanyi, mu ɗora a Facebook, ƙanenmu a Kano ko Maraɗi ko Kumasi su gani su ce ai can ko ba ka aiki gwamnati na biyanka. Wannan maganar ta sayar da gonaki da yawa. Ba mu gaya musu cewa sabon zuwa ba shi da ko fam ɗaya a ciki ba, kuma hanyar tana ƙara tsawo. A Mayun 2025 gwamnati ta fito da manufar mayar da shekarun samun zama na dindindin daga biyar zuwa goma ga mafi yawan masu bizar aiki, daga baya ta ƙara da shawarar cewa wanda ya taɓa karɓar tallafi ya ƙara jira. Wadda ta gabatar da wannan shawara ta biyu a majalisa, Shabana Mahmood, da aka naɗa Sakatariyar Harkokin Cikin Gida a Satumban 2025, ita ce kuma 'yar majalisar Ladywood, wato wakiliyar Nechells da Newtown da Alum Rock, inda da yawanmu ke kwana.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake nema a wurinku, kuma ba shi da yawa. Na farko dai mu ƙirga kanmu. Mun san yawan buhun shinkafar da ake buƙata a walimar Sallah, amma ba mu san gida nawa ne a cikinmu babu mai albashi ba. Ba sai an rubuta suna a allo ba. A zaɓi mutum uku da aka yarda da riƙon sirrinsu, a ciki lallai a sa mace, domin mace ba za ta buɗe wa namiji cikinta ta ce babu abinci a gidanta ba. Su tattara adadi kawai: nawa ne suka rasa aiki, nawa ke da ikon nema, nawa ba su da shi, nawa agogon kwana sittin ke bugawa a kansu. Idan muna da wannan a hannu, sai dattawa uku su sa babbar riga su je zaman sauraron jama'a da 'yan majalisa ke yi, wurin Ayoub Khan na Perry Barr, da ofishin ita Shabana Mahmood, da na magajin yankin West Midlands Richard Parker, su ce ga mutanen da alƙalumanku ba su gani. 'Yan Somaliya da 'yan Pakistan da ke maƙwabtaka da mu ba su fi mu baki ba, sun dai riga mu gane cewa ɗan siyasa lamba yake ji. A zaɓen 2024 an ga yadda ƙuri'a 'yan ɗari suka raba gardama a Perry Barr.

Sai maganar asusu. Muna da kuɗin kai gawa gida, muna da adashin biki, kuma ban raina ko ɗaya ba, ranar mutuwa ba a neman kowa a rasa. Amma mutumin da za mu tara wa fam dubu biyar ranar da ya rasu, yau yana raye yana neman fam ɗari biyu ya cika haya, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba tare da labarin ya riga shi isa gida ba. A ware wani kaso don masu rai. A rubuta shiga da fita, a karanta wa jama'a duk wata uku ba tare da sunan wanda ya amfana ba, domin duk mun san yadda asusun ƙungiya ke mutuwa idan lissafi ya koma aljihun mutum ɗaya. Zakkarmu ma, da muke aikawa gida dukanta, malamai su duba mana ko maƙwabcin da ke Lozells ba shi da rabo a ciki.

Waɗanda Allah ya ɗaga a cikinmu kuma, likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi da masu kamfani, abin da ya fi kuɗinku amfani shi ne sa'a biyu a wata. Ku zauna da yaran nan ku gyara musu takardar neman aiki, ku yi musu gwajin ganawa, ku gaya musu inda ake ɗauka kafin a tallata. Wanda ya san gidan kula da tsofaffi mai lasisi na gaskiya da ke neman ma'aikata, ya faɗa kyauta. Na ce kyauta ne domin na ji ana cewa wasu namu sun fara karɓar la'ada a kan wannan ma, daga hannun mutanen da aka riga aka yi wa fashi sau ɗaya.

Baba da ya karanta labarin a wurin suna, ina neman afuwarka idan maganata ta yi kaifi. Na san ba da mugunta ka faɗa ba, kai ne ka ɗauko ni daga tashar jirgi ranar da na fara taka garin nan, ban manta ba. Ƙanwar tawa ta samu ganawa da wani gidan tsofaffi a Walsall ranar Alhamis, kuɗin motar ma wata baiwar Allah ce ta biya. Ni kuma zan zo taron wata ranar Lahadi da alƙaluman mazaɓunmu na watan nan a buge a takarda, da sunayen wuraren ba da shawara kyauta masu rajista. Ina roƙon shugaba ya ba ni minti goma, kafin a buɗe kulolin abinci, domin bayan an buɗe babu mai saurare.

Wassalam.

'Yarku,
daga Aston, Birmingham